Firinta Ta Ƙi Bugawa? Tsaya Tukuna, Kar Ka Yi Saurin Sayen Sabon Katirij

Yau maganar firinta za mu yi, irin ƙaramar nan ta gida mai amfani da ruwan tawada, wadda ɗalibai da yawa ke ajiyewa a ɗaki.

Duk wanda ya zauna a Hayyus Sabi', nan Madinatu Nasr a birnin Alƙahira, ya san yadda abin yake. Unguwa ce ta ɗalibai, kusa da Jami'ar Azhar, kuma takarda ba ta ƙarewa: yau muzakkira, gobe bahasi, jibi kwafin fasfo don sabunta iƙama. Shagunan tasawir suna nan birjik, amma ba kullum suke buɗe a lokacin da kake buƙata ba. Shi ya sa za ka ga mutum huɗu ko biyar da ke shaƙƙa ɗaya sun yi karo-karo sun sayi 'yar firinta.

Mu ma haka muka yi. Wata shekara muka tafi dogon hutu muka bar ta a kan tebur kusa da taga, ko ƙyalle ba mu rufa mata ba. Bayan mun dawo, daren da wani ɗan uwanmu zai miƙa bahasinsa da safe, ya tura bugu, takarda ta fito fara fat. Aka sake turawa, haka. Da gari ya waye ya ruga ya sayo sabon katirij da kuɗin cefanensa na sati. Sai daga baya na ɗauki tsohon na ji shi da nauyi a hannu. Ashe tawada na nan cike, bakinsa ne kawai ya bushe. Ruwan ɗumi da tishu suka tashe shi cikin minti 10. Laifin namu ne, ba na na'urar ba.

To abin da nake so ka tafi da shi daga wannan rubutu ke nan: idan firinta ta ƙi bugawa, ka fara gano irin matsalar kafin ka taɓa aljihunka. Matsalolin katirij kusan kashi uku ne, kowanne da alamarsa, kowanne da maganinsa.

Yadda abin yake aiki a taƙaice

Katirij shi ne ɗan akwatin robar nan da tawada ke ciki. Misirawa suna ce masa khartusha, tawadar kuma hibr. Abin da ke fesa tawadar a kan takarda shi ake kira hed. A jikinsa akwai ɗaruruwan ƙananan ramuka, kowanne bai kai kaurin gashin kai ba.

Hanyar fesawar iri biyu ce. HP da Canon suna amfani da zafi: a bayan kowane rami akwai ɗan ƙaramin hita da ke ɗaukar zafi har wajen digiri 300 cikin ƙiftawar ido, tawadar ta yi kumfa, kumfar ta tunkuɗo ɗigo guda waje. Da wannan dabara HP ta fitar da ThinkJet a 1984, Canon kuma ta fito da Bubble Jet ɗinta a 1985. Epson ita ba ta dafa tawada. Tun 1993 take amfani da abin da ta kira Micro Piezo, wani sinadari da ke lanƙwashewa idan lantarki ya shige shi, ya matso tawadar waje.

Akwai kuma bambanci na biyu da ya fi shafar ka. A ƙananan HP DeskJet da ƙananan Canon PIXMA masu katirij biyu, baƙi da mai kala, hed ɗin a jikin katirij yake. Ka juya shi za ka ga wani ɗan faranti mai sheƙi a ƙasa. Idan ka sauya katirij, ka sauya hed ke nan. Amma a Epson da manyan firintoci masu katirij huɗu ko biyar, hed ɗin a jikin firintar yake zaune, katirij tankin tawada ne kawai. Wannan na biyun idan ya lalace, gyaransa kan yi tsada har ya kusa kuɗin sabuwa. Don haka ka duba taka ka san wace iri ce kafin ka fara komai.

Matakin farko: buga shafin gwaji

Kar ka yi gwaji da fayil ɗinka na Word ko PDF, domin matsalar tana iya zama daga kwamfuta ko waya. Kowace firinta tana da shafin gwajinta. A Canon da Epson sunansa Nozzle Check, yana cikin sashen Maintenance na direbar firintar. A HP kuma ka nemi rahoton ingancin bugu a manhajar HP, ko ta maɓallan jikin na'urar. Zai fito da layuka da akwatunan kala: baƙi, shuɗi, ja-ja, da rawaya.

Daga nan sai ka kalli abin da ya faru:

1. Firintar ta ƙi ma fara bugawa, fitila tana ƙyafta ido ko ta nuna saƙon kuskure. Wannan ba ta gane katirij ɗin ba ne.
2. Ta buga, amma takarda ta fito fara, ko layukan sun tsittsinke. Wannan tawada ce ba ta fitowa.
3. Ta buga, amma kalar ta birkice ko rubutun ya dishe gaba ɗaya. Wannan galibi tawada ce ta ƙare, duka ko wata kala guda.

Idan kuwa shafin gwajin ya fito tsaf, to katirij ɗinka lafiya lau yake. Ka koma ka duba direba, kebul, ko Wi-Fi.

Kashi na ɗaya: firinta ba ta gane katirij ba

Fara da mai sauƙi. Sabon katirij yana zuwa da wani ɗan salatif da ya rufe bakinsa. Wallahi mutane da yawa sun sha wahala saboda mantawa da cire shi. Bayan haka ka tabbata baƙin yana ramin baƙi, mai kala yana nasa, kuma ka tura shi har ka ji ya yi ƙas.

Idan duk wannan daidai ne, sai a koma kan tagullar. A bayan katirij akwai ɗigo-ɗigo masu ruwan tagulla ko zinare, ta nan yake magana da firinta. Ƙurar Alƙahira, maiƙon yatsa, ko ɗigon tawada kaɗan ya isa ya katse wannan magana. Ka kashe firintar, ka ciro katirij, ka sami ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, ka ɗan jiƙa shi da tataccen ruwa. A kantin magani ka ce musu mayya muƙattara, za su gane. Ka goge ɗigon a hankali, ka goge abokan haɗinsu da ke cikin firintar, ka bari su bushe kamar minti 10. Sannan ka zare wayar wuta daga bango, ka jira minti 1, ka mayar. A Canon, lambobin kuskure irin su 1401, 1403 da 1682 duk wannan ɓangare suke nunawa.

Dabara ɗaya mai amfani: yawancin ƙananan HP masu katirij biyu suna iya bugawa da guda ɗaya kawai. Ka cire mai kala ka rufe murfi ka gani, sannan ka mayar ka cire baƙin. Wanda saƙon kuskuren ya ɓace da ka cire shi, shi ne mai laifin. Ka ga ba sai ka sayi duka biyun ba.

Yanzu ga babbar matsalar da ta fi kama mu 'yan ƙasar waje: lambar katirij. Kamfanoni sun raba duniya shiyya-shiyya, kuma firinta tana karɓar katirij ɗin shiyyar da aka sayar da ita ne kawai. Misali HP DeskJet 2130. Wadda aka sayar a Masar, Saudiyya ko Nijeriya tana shan lamba 123. Ita ɗin dai a Turai lamba 302 take sha, a Amurka kuma 63. Girmansu ɗaya, siffarsu ɗaya, zai shiga ramin daram, amma ba za ta karɓa ba. Haka Canon: PG-445 da CL-446 namu ne na Gabas ta Tsakiya da Afirka, Turai suna da PG-545 da CL-546, Amurka kuma PG-245 da CL-246.

Saboda haka idan yayanka ya aiko maka da firinta daga Ingila, kar ka je kasuwa ka faɗi sunan firintar kawai. Ka buɗe murfinta, akwai takardar da aka manna mai ɗauke da lambar da take sha. Ko ka ɗauki tsohon katirij ɗin ka tafi da shi. Ita HP tana da tsarin sauya wa firinta shiyya ta hannun sashenta na taimakon kwastoma, ga wanda ya ƙaura daga wata ƙasa zuwa wata. Labari mai daɗi kuma shi ne, 123 da 445 da ka saya a nan za ka same su a Kano idan ka koma gida da firintarka, tunda shiyyarmu ɗaya.

Ka kula kuma da sunan Ink Advantage. Firinta mai wannan suna lambobinta daban ne, irin su 650, 652 da 653, ko da ta yi kama da DeskJet ta gama-gari.

Abu na ƙarshe a wannan kashi shi ne cip, ɗan guntun lantarkin da ke gaya wa firinta ko wane ne katirij ɗin. Tun 2016 HP ta shigo da tsarin da ta kira Dynamic Security a wasu firintocinta, wanda ke iya ƙin katirij mai cip ɗin da ba nata ba. Wato katirij na wani kamfani yana iya aiki yau, bayan firintar ta sabunta manhajarta ta intanet ya daina. Idan da irin wannan katirij kake aiki, ka san da wannan kafin ka danna amincewa da sabuntawa. Akwai kuma wani saiti na kariyar katirij da ke ɗaure shi ga firintar farko da aka saka shi. Shi ya sa wani lokaci ka aro na maƙwabcinka, lamba ɗaya, amma taka ta ƙi shi.

Kashi na biyu: ta gane shi, amma tawada ba ta fita

Wannan shi ne abin da ya same mu. Tawada ruwa ce, kuma ramukan hed ƙanana ne ƙwarai. Idan aka daɗe ba a buga ba, ruwan da ke bakin ramin ya tsane, abin da ya rage ya daskare ya toshe hanya. A gari irin Alƙahira inda zafin bazara ke wuce digiri 35 kuma ruwan sama sai a yi watanni ba a gani ba, abin ba ya ɗaukar lokaci. Ga iskar khamasin mai ƙura tsakanin Maris da Mayu, wadda duk ɗan Arewa zai ce ai hazon hunturu ne ya biyo shi, sai dai wannan da zafi take zuwa.

Mataki na farko shi ne wankin hed daga cikin manhaja, wato Cleaning. Ka yi sau ɗaya, ka buga shafin gwaji, ka kwatanta da na farko. Idan layukan sun fara cikowa, ka ƙara. Amma kar ka wuce sau 3. Kowane wanki tawada yake zuƙowa ya zubar a cikin wani soso da ke ƙasan firintar. Wanda ya yi ta dannawa sau goma, ya shanye rabin ƙaramin katirij ba tare da ya buga ko shafi ɗaya ba. Littafin firintocin Epson irin L3250 ya ce idan ka yi sau 3 bai gyaru ba, ka bar ta awa 12 ba bugu, sannan ka sake gwadawa. Wannan hutun yana ba busasshiyar tawada damar jiƙa, kumfar iska kuma ta kwanta.

Idan taka mai hed a jikin katirij ce, kana da hanya ta biyu. Ka ninka tishu, ka ɗan jiƙa shi, ka dangwala ƙasan katirij ɗin a kai na daƙiƙa 3 zuwa 5. Lafiyayyen baƙi zai bar layi baƙi ƙirin. Lafiyayyen mai kala zai bar layi uku: shuɗi, ja-ja da rawaya. Idan babu komai, ko layi ɗaya ya ɓace, ga abin yi:

Ka ɗumama tataccen ruwa, ɗumin da yatsanka zai iya jurewa, ba tafasasshe ba. Ka zuba kaɗan a murfin kwalba ko faranti, zurfin da bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Ka tsayar da katirij ɗin a ciki yadda farantin ƙasan ne kawai zai taɓa ruwa, kar ruwan ya hau kan tagullar. Ka bar shi minti 5 zuwa 10. Za ka ga tawada ta fara baje wa cikin ruwan. Ka ciro, ka dangwala a busasshen tishu har layin ya fito sosai, ka tabbata ko'ina ya bushe, sannan ka mayar ka yi wanki ɗaya.

Abubuwan da ba a yi: kar ka goga farantin da ƙarfi, dangwalawa ake yi. Kar ka sa allura ko tsinke a ramukan. Kar ka yi amfani da ruwan famfo, domin gishirin da ke cikinsa yana iya ƙara toshe su. Kuma kar ka bar ɗaya katirij ɗin a waje yana shan iska yayin da kake fama da ɗan uwansa.

Akwai kuma ramin numfashi. A saman katirij, ƙarƙashin takardar da aka manna, akwai 'yar hanyar da iska ke shiga yayin da tawada ke fita. Idan ta toshe, tawada ba za ta sauko ba, kamar yadda madarar gwangwani ke ƙin zuba idan huda ɗaya ka yi mata. Alamarsa ita ce shafi ya fara da kyau, kafin ya kai tsakiya ya dishe. Wannan ya fi faruwa ga katirij ɗin da aka yi wa ɗuri aka liƙe samansa gam da salatif.

Idan kuwa taka mai hed a jikin firinta ce, irin Epson, shawarata ka tsaya a wankin manhaja da hutun awa 12. In bai yi ba, ka kai wa mai gyara. Na san akwai bidiyoyi da yawa na masu tura ruwa cikin hed da sirinji. Wanda bai saba ba yana iya fasa shi da ƙarfin turawa, ko ruwa ya gangara kan lantarkin.

Kashi na uku: da gaske tawadar ta ƙare?

Yawancin ƙananan firintoci ba sa leƙa cikin katirij. Ƙirga ɗigon da suka fesa suke yi, su kintata abin da ya rage. Don haka saƙon "tawada ta yi ƙasa" gargaɗi ne, ba hukunci ba. Ka ci gaba da bugawa har sai ka ga rubutu ya fara dishewa da idonka.

Wannan ƙirgen ne ya sa katirij ɗin da aka yi wa ɗuri yake ci gaba da nuna babu komai. A ƙananan Canon za ka ga lamba 1686 ko 1688. Maganinsa ka danne maɓallin Stop na daƙiƙa 5 ko fiye, sai ta daina sa ido a kan yawan tawadar ta ci gaba da aiki. Amma fa daga nan kai ne mai gadi. A firinta mai amfani da zafi, tawadar ce ke sanyaya ƙananan hitocin nan. Idan ka ci gaba da bugawa babu tawada, za su ƙone, kamar tukunyar da aka bari a wuta ba ruwa. Wanda ya ƙone kuwa babu ruwan ɗumin da zai tashe shi. Da ka ga ya dishe, tsaya.

Idan hoto ya fito kore-kore ko ja-ja, kala ɗaya ce ta ƙare ko ta toshe. Katirij mai kala ɗaki uku ne a akwati ɗaya, kuma da ɗaya ya ƙare sauran biyun ba za su iya rufa masa asiri ba. Shafin gwaji zai nuna maka wacce ce ta ɓace.

Tambayar da ake yawan yi: ni baƙi kawai nake bugawa, me ya shanye min kala? Abu biyu ne. Na farko, duk lokacin da firinta ta tashi ko ta yi wanki, tana fesa kowace kala kaɗan don kar ta bushe. Na biyu, idan a saitin takarda ka zaɓi takardar hoto, firintoci da yawa suna haɗa kaloli uku ne su samar da baƙi. Don bugun muzakkira ka zaɓi takarda ta gama-gari, ka zaɓi baƙi zalla, ka sa ingancin a Draft. Rubutun zai ɗan yi haske amma yana karantuwa.

Maganar ɗuri da jabu

Gaskiya ɗalibai da yawa ɗuri suke yi, don sabon katirij na asali ya yi tsada, musamman tun da darajar junaihi ta faɗi a Maris 2024. Idan za ka yi, ka kiyaye waɗannan:

Ka yi ɗurin tun kafin ya bushe ƙarƙaf. Soson da ke ciki idan ya bushe ya sha iska, da wuya ya koma daidai. Ka sayi tawadar da aka yi don irin firintarka. A yawancin ƙananan HP da Canon, baƙar tawadar mai ƙwayoyin gari ce, ta kala kuma rini ce zalla, kuma haɗa su yana kawo toshewa. Tawadar Epson ma ba a yi ta don a dafa ba, kar ka zuba ta a katirij mai hita. Kar ka cika shi fal: ƙaramin PG-445 gaba ɗaya mililita 8 yake ɗauka daga kamfani, don haka kaɗan ake turawa, a hankali. In ya yi yawa zai riƙa ɗiga, kalolin su gauraye, tawada ta ɓata tagullar. A mai kala kuma ka tabbatar da ramin kowace kala kafin ka tura, ta hanyar tsoma tsinken sakace ka ga launin da ya fito. Sannan ka sani hed ɗin da ke jikin katirij ba a yi shi don ya dawwama ba. Bayan 'yan ɗure-ɗure zai gaji, wannan ba makawa.

Wani abin lura: idan firintarka tana cikin garanti, lalacewar da ɗuri ya jawo kamfani ba ya ɗaukar nauyinta.

Shi kuma jabu, wato tsohon katirij da aka ɗura aka sa a sabon kwali aka sayar da sunan na asali, alamunsa su ne araha fiye da kima, kwali mai alamar an taɓa buɗewa, ko tabon tawada da ƙarzuwa a kan tagullar. Kwalin HP yana da tambarin tsaro mai lambar QR da za ka iya dubawa da wayarka tun kana shagon. Ka duba kwanan watan da ke jiki ma, don wanda ya shekara da shekaru a kanta yana iya bushewa tun a kwali.

Wani lokacin ba katirij ba ne

Idan rubutu ya fito biyu-biyu ko layukan tebur sun karkace, daidaita hed ake buƙata, wato Alignment, kuma ana yin sa duk lokacin da aka sa sabon katirij. Idan tawada tana baje wa kamar an rubuta a kan tsumma, takardar ce ta sha danshi ko mara kyau ce. Idan Canon ta nuna 5B00, soson nan mai shan tawadar wanki ne lissafinsa ya cika, sabon katirij ba zai yi komai a kai ba, sai mai gyara.

Rigakafi

Ka buga shafi ɗaya mai ɗauke da dukkan kaloli sau ɗaya a sati. Shafin gwajin nan ma ya wadatar.

Ka riƙa kashe ta da maɓallinta, ka jira ta yi shiru, kafin ka kashe soket. Idan ta mutu da kanta, tana mayar da hed ma'ajiyarsa inda wata roba ke rufe bakinsa. Idan ka zare waya kawai, yana iya tsayawa a tsakiya baki buɗe. Waɗanda suke nan lokacin ɗauke wutar da aka riƙa yi a Masar a 2023 da 2024 sun ga haka, mutanen gida kuwa ba sai an ba su labari ba. Duk lokacin da wuta ta ɗauke tana cikin aiki, in ta dawo ka kunna ta ka kashe yadda ya kamata.

Ka ɗauke ta daga bakin taga da hasken rana, ka rufa mata ƙyalle. Idan za ka tafi hutu, ka bar katirij a cikinta, kar ka ciro ka ajiye a durowa. In akwai wanda zai zauna a gidan, ka roƙe shi ya riƙa buga shafi ɗaya kowace Juma'a.

Ka yi lissafi kafin ka sake saye

Kamfanoni suna auna yawan shafin da katirij ke bugawa da ma'aunin ISO/IEC 24711. A wannan ma'auni, ƙaramin HP 123 baƙi shafi kusan 120 ne, babbansa 123XL kusan 480, PG-445 kuma kusan 180. Shafin muzakkira mai cike da rubutun Larabci da wasulla yana shan tawada sosai, don haka kar ka yi mamaki idan naka bai kai haka ba. Ka kwatanta da firinta mai tanki, irin wadda Epson ta fara sayarwa a Indunusiya a 2010: kwalbar baƙar tawada lamba 103, mililita 65, an ƙiyasta mata shafi 4,500.

Ma'ana, idan littafi mai shafi 200 za ka buga, ƙaramar firinta mai katirij ba wurinsa ba ne, ka sauka shagon tasawir ya fi maka sauƙi. Idan ku biyar ne kuna bugu kullum, ku haɗa kuɗi ku sayi mai tanki. Idan kuma sai a yi wata ba ka buga komai ba kuma baƙi kawai kake buƙata, leza ta fi dacewa da kai, don garin tawadarta ba ya bushewa. Mai son ya kwatanta farashi ya leƙa Mol Bustan da ke Babul Luƙ a tsakiyar gari, can ne matattarar kayan kwamfuta. Ka tafi da tsohon katirij a leda da shafin gwajin da ka buga, ka nuna wa mai shago ya gani da idonsa. Zai rage maka dogon bayani da Larabcin kasuwa.

Kuma don Allah, idan kana da abin miƙawa ranar Lahadi, ka gwada firintar tun ranar Alhamis. Sai mun haɗu a na gaba.